Jaridar Bangon 'Yan Aji Huɗu

Ranar da Yorladis ta fara shiga kwalekwalen Eider, rungume take da kwalin takardu kamar jariri. Ruwa ya fantsama a kan takardun, ta dinga zazzaga masa masifa tun daga mashiga har ƙauyen da aka tura ta koyarwa. Shi kuwa bawan Allah sai murmushi, don tuni ya kamu.

Duk Litinin shi ke kai ta, Juma'a ya ɗauko ta. A hanya take tsara darasin mako: yau wasiƙa, mako mai zuwa tatsuniya, sai bayanin yadda ake dafa kifi da ayaba. Kafin ta kai wa yara, a kansa take gwadawa. Har ya iya, ya turo mata saƙo:

"Malama, ina son ki. Gabatarwa ke nan. Gundarin magana da kammalawa sai mun haɗu."

Ta amsa: "Babu kwanan wata, babu sa hannu. Amma ka ci jarrabawa, masoyi."

Da maganar aure ta taso, mahaifinta, Don Aristarco, ya ce atafau. Wai masu kwalekwale su ke jigilar 'yan bindiga, ba zai ba ɗan korensu 'yarsa ba. Ga kuma Wilmar, wani ɗan bindigar yankin, ya ƙwallafa rai a kanta, yana aiko turare tana mayar masa.

Sai makon rubutun rahoto ya zo. Ta koya wa yara su faɗi wanda ya yi, abin da ya yi, da inda ya yi. Kowa ya rubuta abin da idonsa ya gani, a manna a jaridar bango kamar yadda aka saba. Kash, ba ta karanta duka ba aka manna. Wata yarinya ta rubuta yadda Wilmar ya harbe wani mai shago a bakin kogi, da sunansa ɓaro-ɓaro. Nata sunan ne kawai ba ta sa ba.

Ranar Juma'a da rana Wilmar ya banko ƙofar aji da mutum biyu. Ya sharara wa Yorladis mari, bakinta ya fashe. Yara suka shige ƙarƙashin benci. Ya ɗora mata bindiga a wuya, ya ce ta faɗi wanda ya rubuta. Amma ta ƙi.

"Ni ne," in ji Eider daga bakin ƙofa. "Ita ke koya mini rubutu, shi ya sa kamar na yara."

Wilmar ya san ƙarya ce, amma abin nema ya samu. Suka danne hannun daman Eider a kan tebur, suka yi ta dukansa da gindin bindiga har yatsun suka dagargaje. Suka tattake haƙarƙarinsa, suka cinna wa kwalekwalensa wuta, suka ce kada a sake ganin su biyun a kogin nan.

A asibitin birni Don Aristarco ya daɗe yana kallon hannun nan. Ya cire hularsa, hawaye na zuba.

"Ɗana, ka yafe mini. Na ba ka ita."

Ranar aure, da aka zo sa hannu a coci, biro ya suɓuce daga yatsun Eider. Ya sunkuyar da kai don kunya. Yorladis ta ɗauka, ta ɗora hannunta a kan nasa, suka rubuta sunansa tare, harafi bayan harafi. Tsohon ya dafa kawunansu, ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu albarka. Duk cocin aka amsa da amin.