Layin da Kubura Ba Ta Goge Ba

Ku matso kusa, ku rage murya. Wannan ba na dariya ba ne.

Kubura, 'yar ƙanwar babana, mai zane ce. A kwamfutar hannu take aiki, irin wadda ake zane a kan gilashinta da alƙalami, tana yi wa littattafan yara hotuna. Tun da mahaifiyarta ta rasu ita kaɗai ce a gida, daga ita sai ƙarar fanka.

Aikinta tsaf yake, amma kamar na kowa. Hoto take ɗauka ta bi kansa da layi. In layi ya karkace ta goge, ta sake. Wata rana mai buga littattafan ya ce mata, "Malama, zanenki ba laifi. Sai dai in an rufe sunanki, ba mai cewa naki ne. Ki kawo abin da ya fito daga hannunki ran Litinin, ko mu nemi wani."

Ran Asabar da rana tsaka ta tafi tsohuwar unguwar bayan gari, wadda mutanenta suka tashi tun tuni, ko za ta samu abin zanawa. Ba kaza, ba akuya. Ko ganye ba ya motsi.

A wani zaure ta tarar da tsohuwa zaune a tabarma, da ƙwarya a cinya, tana yi mata ado da ƙarfe. Ƙarfen ja wur. Wuta kuwa babu.

"Sannu, Iya."

Bakin tsohuwa ya motsa. Sai da ya rufe sannan muryar ta iso. "Yauwa, 'yar nan. Zana ni."

Kubura ta ɗauki hoto kamar yadda ta saba. Ta duba. Ga bango, ga tabarma, ga ƙwarya tsaye a iska. Ba kowa.

Ƙafa ta ƙi gudu.

"Da ido," in ji muryar.

Ta fara zane. Inda ta danna, layin ya yi kauri. Inda numfashi ya ɗauke mata, ya sirance kamar gashi, ya yanke a kunci. Ta kai yatsa za ta goge.

"Bar shi. Tsoron ai naki ne."

Ta bar shi. Tana zane tana kallo, har ta lura ba mugunta a fuskar nan. Zama ne na wanda aka daɗe ba a yi masa sallama ba. Kubura ta san irin zaman.

Da ta gama ta juya mata gilashin. Tsohuwa ta daɗe tana dubawa.

"Ke kaɗai kika dube ni har kika gama." Ta gyara zama, ta daki gefen tabarma. "Ga wuri. Zauna."

Abin da ya razana Kubura, sai ta ji tana so ta zauna. Nan ta yi a'uziyya da ƙarfi ta ruga, ba ta waiwaya ba sai bakin titi.

Aikin bai kuɓuce mata ba. Yau ko daga nesa aka hango layin nan mai kauri da karyewa, an san nata ne. Amma duk Asabar kafin azahar takan kulle kanta a gida, ta miƙa wa maƙwabciya makulli ta taga, ta ce kada a buɗe mata ko ta roƙa.

Kada ɗayanku ya bi ta kangon nan shi kaɗai. Balle ranar da yake jin ba shi da kowa.