Wayar da Aka Yanke a Saint-Fons

Ƙarfe shida da kwata na yammacin Lahadi aka kira Sufeto Abdou Harouna. A takarda laftana ne, amma duk komisariyar 'yan sanda Sufeto ake ce masa. Wani mawaƙi ya faɗi yana tsakiyar waƙa a Saint-Fons, kusa da Lyon a Faransa, bai tashi ba.

Ɗakin ƙasa ne, ƙarƙashin wani gareji da aka daɗe da rufewa. Babu taga. Bango na gumi, siminti na danshi, warin giya da hayaƙin sigari sun cika wurin. Nan matasa ke haɗuwa duk Lahadi, ƙungiya uku ko huɗu su yi kiɗa, a watse kafin bakwai saboda maƙwabta.

Gawar na kwance gaban ganguna. Youssouf, ɗan shekara ashirin da uku. An ture jitarsa gefe. Leɓensa na ƙasa ya ƙone, ƙafafunsa babu takalmi.

"Wutar lantarki ce," in ji likita. "Ta shiga ta baki, ta fita ta ƙafa."

Wani ɗan sanda ya miƙo wa Sufeto doguwar wayar da aka jona ampili biyu, na'urorin ƙara sauti, a kanta. An buɗe kan wayar. A ciki, wayar ƙasa, wadda ke kwashe wuta in kaya sun yi yoyo, a yanke take. Jan ƙarfen na ƙyalli, yankan sabo ne.

"Mun riga mun kama mai kayan," in ji ɗan sandan. "Ɗalibi ne ɗan Najeriya. Shi ke haɗa musu wuta."

Da safe Sufeto ya shiga ɗakin tambayoyi. Ɗanladi na zaune, idanunsa sun yi ja. Ɗan Kafanchan ne, yana karatun lantarki a Lyon, wata mai zuwa zai rubuta jarrabawar ƙarshe. Da ya ji Hausa a bakin Sufeto sai ya ɗago kai da sauri.

"Oga, don Allah..."

"Zauna. Ƙarfe shida na yamma mai gabatar da ƙara yake son ka, da laifin kisa ta sakaci. In ka shiga hannunsa, karatu ya ƙare, takardar zama ma ta ƙare. Saboda haka kada ka ɓata mini lokaci. Ampilin naka ne?"

"Nawa ne."

"Lafiyarsa lau?"

"Lau, Oga."

"An gwada shi da safen nan. Yoyo yake."

Ɗanladi ya sunkuyar da kai. "Tsoho ne. Yana cizo. In kana riƙe da jita ka kai baki ga mikro, sai ka ji kamar an soka maka allura. Shi ya sa na sa masa wayar ƙasa mai kyau. Jiya ƙarfe ɗaya na gwada ta da mita. Lafiya lau take, na rantse da Littafi Mai Tsarki."

"Bayan ƙarfe ɗaya fa?"

"Na tafi taron matasa a coci. Ban dawo ba sai da aka fara."

"Wa ya san yana cizo?"

"'Yan ƙungiyar. Youssouf, Najla mai ganguna, da Salim mai jita ta biyu. Har wasa suke da shi."

Najla na aiki a wani gidan burodi a unguwar Guillotière. Ta fito ƙofar baya da gari a hannunta, ta kunna sigari, ba ta sha ba.

"Kullum babu takalmi yake waƙa?" Sufeto ya tambaya.

"Youssouf? Jamais, ko sau ɗaya. Wasu manyan takalman soja gare shi, muna yi masa tsiya wai ko barci da su yake."

"To jiya fa?"

"Mu ne na uku. Motar ƙungiya ta biyu ta lalace a hanya, aka ce mu hau yanzu-yanzu. Shi kuma yana bayan kwalaye, ya yi alwala, yana sallar la'asar. Yana sallamewa na ja shi. Ko ƙafarsa ba ta bushe ba. Ni na ja shi."

"Akwai rigima a ƙungiyar?"

"Babu."

"Najla."

"Na ce babu, chef. Tun makarantar firamare suke tare da Salim."

"Ban ambaci Salim ba."

Ta jefar da sigarin, ta take shi.

"Wata mata ta zo daga Paris. Tana da ƙaramin kulob a Aubervilliers, tana so mu yi mata wata uku. Ni da Youssouf. Ta ce tana da nata mai jita, ba ta buƙatar Salim."

"Salim ya sani?"

"Ranar Juma'a Youssouf ya gaya masa. Dariya ya yi, ya ce ba komai, Allah ya ba da sa'a." Ta ciro telefon. "Ƙawata ta ɗauki bidiyo. Ni ban iya kallonsa ba."

A mota Sufeto ya kalla.

Mutum arba'in ko hamsin, sun matse kamar a jirgin metro. Fitila ɗaya ja. Najla ta buga sanda sau huɗu, jita biyu suka shigo tare, ƙarar ta kusa fasa telefon. Youssouf na tsalle, yana waƙa rabi Hausa rabi Faransanci, yara na gaba na maimaita amshin suna dukan silin da tafin hannu. Ya iya. Ko Sufeto ya ga ya iya.

A baiti na farko nesa da mikro yake ihu. Da aka zo amshi na biyu ya matso, leɓensa ya taɓa ƙarfen. Jikinsa ya sandare. Jama'a suka ɗauka salo ne, suka ƙara shewa. Najla ma ba ta daina kiɗa ba.

Mutum ɗaya ne ya motsa. Salim ya yar da jita, ya tsallake wayoyi uku da ke jone a bango, ya fizge ta huɗu.

Sufeto ya mayar da bidiyon baya. Ya tsayar da shi a kan Salim. A kan mikronsa akwai wani abu baƙi. Ya matso da hoton. Safa ce.

Ƙarfe huɗu ya isa gidan su Youssouf, hawa na biyar. Takalma sun cika ƙofa. Ya cire nasa, ya durƙusa gaban mahaifiyar.

"Hajiya, ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

"Amin, ɗana. Yaushe za ku ba mu shi?"

"Ba da daɗewa ba, in sha Allahu."

Salim ne ke raba shayi. Dogo, siriri, da rigar masana'antar da yake aiki. Hajiya ta nuna shi da hannu.

"Ga ɗan'uwansa nan. Tun jiya bai zauna ba."

Sufeto ya karɓi kofi, ya ce, "Salim, zo mu yi magana a waje."

Suka tsaya a kan matakala. Sufeto ya ja ƙofar.

"Ƙarfe nawa ka je ɗakin jiya?"

"Uku. Tare da kowa."

"Mai garejin ya ce ƙarfe biyu ka karɓi makulli."

"Ah oui, na manta. Igiyar jita na canja."

"Me ya sa ka sa safa a mikronka?"

"Mura nake. Kada in shafa wa wani."

"Ba ka tari."

"Ta warke."

"Daga jiya zuwa yau." Sufeto ya kurɓi shayi. "Na tambayi makaɗa uku. Duk abu ɗaya suka ce. Ana sa wa mikro safa in an san zai yi cizo. Ɗanladi ya gyara wayar, wata shida ba ta ciji kowa ba. Jiya kaɗai ka sa safa. Ampilinka da na Youssouf waya ɗaya suke sha."

Salim ya gyara riƙon tiren shayi. Sufeto ya ci gaba.

"Mutum hamsin suna kallo, kowa na tafi. Kai kaɗai ka san wuta ce. Wayoyi huɗu a bango, ba ka yi laluben ko ɗaya ba."

"Ceton sa na yi ƙoƙarin yi!"

"Na gani. Ka san inda za ka cece shi."

Har yanzu tiren na hannun Salim. Sufeto ya karɓe shi ya ajiye a ƙasa. Salim ya zauna a kan matakala, ya riƙe kai.

"Cizo ne kawai, wallahi. Ɗan cizo. Ya zabura, ya yi ashar, ya ɓata waƙar gaban matar Paris ɗin nan, mutane su yi dariya. Shi ke nan. Ni na rubuta rabin waƙoƙin, chef. Shekara takwas. Ya ce mini 'ka gane ai, frère, ɗan'uwana', ya dafa kafaɗata." Ya ja numfashi. "Da takalmansa ba abin da zai same shi. Sau nawa ta cije mu? Da na gan shi ya hau dandali ƙafa a jiƙe..."

"Ka gani."

"Na gani."

"Rabin waƙa yana tsalle gabanka. Ba ka tsayar ba."

"In na tsayar, sai in ce me?"

Sufeto ya ciro ankwa. Salim ya kalli ƙofar gidan.

"Kada Hajiya ta gani. Don Allah."

"Tashi. A ƙasa zan sa maka."

Ya sauka hawa biyar da safa, takalmansa na can cikin na masu gaisuwa. A bakin mota ankwa ta rufe.

Shida saura minti ashirin aka buɗe wa Ɗanladi. Aka ba shi bel ɗinsa da igiyar takalmi a leda. Ya sa hannu a takarda.

"Ka tafi ka yi karatunka," in ji Sufeto.

"Oga, wa ya yanke?"

"Salim."

Ɗanladi ya tsaya da ledar a hannu. Ta ƙofar gilashi ana wucewa da Salim zuwa ɗakin da shi ya kwana. Salim bai ɗago kai ba.

"Ran Asabar ya zo ɗakina," in ji Ɗanladi a hankali. "Ya ce yana so ya koyi gyara, in na koma gida kada su rasa mai yi musu. Na ji daɗi, Oga. Na buɗe masa kan waya, na ce ka ga wannan wayar ƙasa mai kore da rawaya? Duk abin da za ka taɓa, kada ka taɓa ta."

Sufeto ya jawo kujera, ya buɗe sabon shafi.

"Zauna. Maimaita mini, a hankali."