Gilashi Uku a Bangon Inna

Ƙawata, ajiye wayar nan ki karanta wannan. Kin sha tambayata me ya sa ba na bari a zagi matar ɗa a gabana. To ga dalili.

Wani tela ne ya auri 'yar magini, auren so, ya kawo ta gidan da mahaifinsa ya rasu ya bar musu. A nan mahaifiyarsa take, wadda kowa ke kira Inna, da ƙanwarsa Auta.

Amarya ta zo da wata ɗabi'a. Duk ranar Asabar da safe sai ta zaga gidan kaf. Ta kwashe leda da ganye daga kwatar da ke bayan ɗakin Inna, ta ɗiga man keken ɗinki a ƙofar da ta fara kuka, ta kashe famfo ta kasa kunne ko akwai bututun da ke yoyo, ta ƙwanƙwasa katakon taga ta ji ko gara ta shiga. Mijin ya laƙaba mata Injiniya.

"Injiniya, yau kuma wane bango ne ba shi da lafiya?"

"Yi dariyarka, Yallaɓai. Babana ya ce gida jariri ne, ba ya magana, kuka yake yi."

Auta kuwa haushinta take ji, tun ranar da ta hana ta zubar da ruwan wanki a gindin bango.

"Daga zuwa jiya har an zama sufeto!"

Wata Asabar, Injiniya tana gyara wa Inna gado, ta ɗaga labulen da ke saitin kai, sai ta ga tsaga a bango, siririya kamar zare. Ta yi yadda ubanta ya koya mata. Ta samo ɗan siririn gilashi ta gitta shi a kan tsagar, ta manne bakinsa biyu da siminti, ta rubuta kwanan wata da fensir a gefe. In bango na tsaye, gilashi zai zauna lafiya. In yana motsi, zai karye.

Bayan wata ɗaya ya karye. Ta sa na biyu, ya yi mako biyu. Ta sa na uku, ta sami mijinta.

"Bangon Inna yana tafiya."

"Ina zai je?" ya ce yana dariya.

"Ba wasa nake ba. A kira Baba ya duba. Ban faɗa mata ba saboda hawan jininta."

"To, bari in gama ɗinkin kayan makarantar nan."

Ɗinki bai ƙare ba, Auta ta ɗaga labule.

"Inna! Wayyo Allah, Inna, zo ki gani!"

Inna ta tsaya tana kallon gilashi uku a saitin inda take ɗora kanta, da rubutu a gefe. Ba ta iya karatu ba.

"Me aka rubuta?"

"Kwanan wata ne, Inna. Kwanakinki ake ƙirgawa! Ba tun lokacin nan ƙafarki ta fara ciwo ba?"

Inna ta ƙwala wa amarya kira. Da Tela ya dawo daga shago ya tarar da matarsa a durƙushe tsakar gida, hawaye ya wanke mata fuska.

"Inna, wallahi awon tsaga ne. Ga shi nan, ki tambaye shi, na faɗa masa!"

"Gaskiya ne, Inna, ta faɗa mini..."

"Kai rufe mini baki! Ai da kai aka fara. Namiji da gemunsa, mace na zaga masa gida tana ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashe, yana washe baki. Yau za ka zaɓa, ko ni ko ita!"

Tela ya zube ƙasa. Uwa ce, ba a musu da ita. Mata ce, bai ga laifinta ba. Da ƙyar ya samu aka tsaya a kan ta je gidan iyayenta tukuna. A bakin ƙofa, riƙe da jaka, ta juyo.

"Ban roƙe ka ka saɓa mata ba. Abu biyu kawai: ka riƙa share kwatar nan, ka kuma fitar da gadonta daga ɗakin."

Ko ɗaya bai samu yi ba. Inna ta sa aka kankare gilashin, aka shafe tsagar da siminti, aka bi da fenti, bango ya yi fes kamar sabo. Kwata kuma ta ce kada wanda ya taɓa, wa ya san abin da aka binne a ciki.

Damina ta kankama. Ƙofofi suka koma kuka. Tela ya rame, sau biyu yana ɗinka hannun riga a baibai. Injiniya ba ta kai ƙara wurin kowa ba, ta hana ubanta zuwa faɗa, kullum dai saƙonta ɗaya ne a waya: "Yaya ƙafar Inna? An matsar da gadon?"

Ranar wata Talata Inna ta yanke hukunci.

"Juma'a nake son ganin takardar sakinta. In ba haka ba, ban yafe maka nonon da ka sha ba."

Washegari da safe Tela ya zaga bayan ɗakin. Ruwa ya kwanta a gindin bango har ya yi kore, tsagar kuma ta nan waje ta isa a cusa ɗan yatsa. Ya tsinci gilashi ya manna, yadda ya ga tana yi. Ran Juma'a da ya dawo daga masallaci ya leƙa. Gilashin ya rabe biyu.

Ya kira matarsa a waya.

"Injiniya, na sa gilashi. Ya karye."

"Kwana nawa?"

"Biyu."

"Innalillahi! Ga hadari ya haɗu! Fitar da ita yanzu, yanzun nan, ko da za ta tsine maka!"

Ya shiga ya sami Inna zaune a kan gado, ga takarda ga biro ta ajiye masa.

"Zauna ka rubuta."

"Inna, ki yafe mini, bangon nan zai faɗi."

Ya sunkuce ta cak kamar yarinya ya yi falo da ita, tana dukan ƙirjinsa.

"Sauke ni, ɗan banza! Auta, kin gani? Ta gama da shi!"

Ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Suka zauna a falo. Rabin awa, awa ɗaya. Bango yana nan tsaye.

"To?" in ji Inna. "Ina faɗuwar? Matsa in ɗauko carbina, sannan ka rubuta abin da na ce."

Ta miƙe tana ɗingishi. Kafin ta kai, sai ga mutum a ƙofar ɗakin, jiƙe sharkaf, takalmi ƙafa ɗaya. Injiniya ce, ta baza hannu biyu ta tare ƙofar.

"Inna, ki dake ni, ki sa ya sake ni, na yarda. Amma ba za ki shiga ɗakin nan ba."

"Ni za ki tare wa hanya a gidana?"

Inna ta ɗaga hannu. Marin bai sauka ba. Wani ƙara ya tashi kamar an yaga sabon yadi, sai rugum! Ƙura ta turnuƙe su. Da ta lafa, ruwan sama na zuba a inda gado yake, filon Inna na ƙarƙashin bulo ya fi ashirin, takarda da biro sun bi.

Hannun da aka ɗaga don mari, shi ya sauko ya riƙo kafaɗar yarinyar.

"'Yata... na zalunce ki."

"Ni ma da laifina, Inna. Da na faɗa miki tun farko."

Da magini ya zo, buhu biyu na leda ya ciro daga kwatar. Ya ce ruwan da ya rasa hanya ne ya cinye tushen ginin. Auta ta yi kuka har idonta ya kumbura. Hukuncin da aka yanke mata, share kwata duk Asabar, kuma matar yayanta ce sufeto.

Kin ga, ƙawata, mai haƙuri shi ke dafa dutse. Tsaga kuma, a bango take ko a tsakanin mutane, ba a rufe ta da fenti. A nemo ruwan da ke cin gindinta tun tana zare. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle ya zama ƙarya.

Tsohuwar nan ta yi rantsuwa ba za a ƙara karanta mata rubutu a faɗa mata ma'anarsa ba. Ta fara da lambobin kalanda, ita kaɗai, ta koma littafin jikanta, har ta kai yau tana rubuta miki wannan da hannunta. Ni ce Inna. Har gobe in na idar da sallah, sunan yarinyar nan nake fara ambata kafin na ɗan da na haifa.

Auta tana ɗakin mijinta yanzu, dangin mijin ba su san wannan ba. Don girman Allah, ki bar shi tsakanina da ke, kada wani kunne ya ji.