Tocilar Da Ba Ta Rage Wuta

Akwai wani mutum a Lahore, cikin masu tara tocila, wanda ya cinye mini yayana yana zaune a ɗaki mai sanyi yana latsa waya. Ba zan faɗi sunansa ba, bakina bai saba ɗaukar ƙazanta ba. Ya san kansa. In wannan labari ya kai gabansa, to Allah Ya isa, kuma ban yafe ba.

Sunana Sarfraz. Ban taɓa zama a aji ba, a gaban injin sassaƙa ƙarfe na yi karatuna, yatsuna ne suka biya kuɗin makaranta. Ni da yayana Dilawar, wanda nake kira Paji, muka bar ƙera ƙotar wuƙa a nan Wazirabad muka koma tocila. Ba irin ta mai gadi ba. 'Yar mitsitsiya ce kamar babban yatsa, ta jan ƙarfe ko ta tagulla, wadda masu kuɗin da suka rasa abin yi ke jerawa a akwati suna shafawa. Ba su da duhun da za su haska. Su dai a ce tawa ta fi taka nisa.

Duk tocilar da ta fita daga hannunmu tana da hankali. In jikinta ya ɗau zafi, sai ta rage wuta da kanta. Wannan mutumin ya ce a cire masa hankalin.

"Ustad," in ji shi a waya, yadda ake kiran gwanin sana'a a nan, "ni ba na ajiye tocila matsoraciya."

Ya ce jan ƙarfe zalla yake so, da gilashin da zai tattara haske ya zama tsinke ɗaya, kada ko ɗigo ya zube a gefe. Na yi masa. Sai maganar hoto. A sana'armu ba a aika tocila sai da hoton haskenta, kuma kowa ya san bangon injin shinkafa da muke haskawa. Ya ce bangon ya yi kusa, abokin gasarsa zai yi masa dariya. Shi da kansa ya lalubo a taswirar waya dogon bututun tsohuwar matoyar bulo, can ƙetaren gonaki. Ya ce a haska gindinsa, mutum ya tsaya a wurin da fararen kaya don a ga girman hasken.

Paji ya ajiye kofin shayinsa.

"Matoyar nan? Da magariba?"

"To da azahar za mu haska tocila?" na ce. "Rana za mu yi wa gasa?"

"Kai bakinka ya riga kanka tashi daga barci. Ko masu kiwon ɓauna kewaye ta suke yi."

"Ɓauna ba ta biyan kuɗin haya, Paji."

Matarsa, Bhabi Rukhsana, ta leƙo daga bayan labule ta ce, "Ku dawo kafin gurasar roti ta huce. Kai kuma Sarfraz, in ka ɓata masa farar rigar nan, kai za ka wanke."

Irin wannan hoto yana da lokacinsa. Da sauran rana haske ba ya fitowa, in duhu ya rufe ba a ganin abin da aka haska. Sai tsakani, daidai lokacin da uwaye ke kwashe yara daga waje.

Muka tafi a babur. An girbe shinkafa, ana ƙona kara, hayaƙi ya kwanta a kan gonaki kamar auduga. Na kafe babur a bakin wani kwalbatin ban ruwa. Paji ne mai fararen kaya, ni ne mai hannun da ba ya rawa, saboda haka ya tsallake kwalbati ya nausa gona yana mita. Na kira wayarsa, na buɗe murya, na jingina tawa a kan kujerar babur.

Ya yi ta ƙanƙancewa har ya koma kamar ƙwayar shinkafa a gindin bututu.

"Na iso, ɗan nema," in ji shi. "Haska, sauro na cina."

Na dafa gwiwar hannu a kan kujera, na danna.

Wallahi ko a yanzu ba zan yi wa aikina ƙarya ba. Hasken ya keta hayaƙi kamar mashi, ya je ya zana farin faifai a gindin bututu, Paji a tsakiya yana ɗaga hannu. Na yi dariya. Na miƙa ɗaya hannun zan ɗauki hoto.

Sai kwaɗi suka yi shiru. Gaba ɗaya, kamar an rufe ƙofa.

Iska ta kawo mini ƙamshin bulo mai zafi, wanda aka fitar daga wuta yanzu. Matoyar da rabonta da wuta tun muna yara.

A waya na ji ƙas. Ƙas. Ƙas. Ƙarar bulo ana jera shi a kan bulo.

"Sarfraz." Muryar Paji ta koma raɗa. "Kada ka kashe."

"Me ya faru?"

"Bututun nan da ɗumi. Sun fito."

"Su wa? Paji, ba na son wasa."

"Suna tsaye a bakin hasken. Sun kewaye ni. Ba sa shigowa. Don Allah, ƙanena, kada ka kashe."

Tun da aka haife ni bai taɓa ce mini don Allah ba.

Na ƙura ido. Daga nesa ba na ganin fuska, amma duhun da ke gefen faifan ya fi sauran duhu kauri. Tsaye yake, dogo-dogo, kuma yana motsi.

"Taho," na ce. "A hankali. Zan bi ka da shi."

Ga abin da wanda bai taɓa riƙe irin wannan tocila ba ba zai sani ba. In hannunka ya karkata faɗin gashi a nan, can haske ya yi tsalle faɗin ɗaki. Ba halin in tayar da babur. Ba halin in ruga wurinsa. Ko numfashi a hankali nake ja.

Ya fara tahowa.

Tocila ta fara ɗumi.

Jan ƙarfe ba ya ɓoye zafi, duk abin da ƙwan tocilar ya dafa, shi yake miƙa wa tafin hannu. Da tocilar kirki ce, da yanzu ta rage wuta. Wannan ni na cire mata hankali da hannuna.

Ɗumi ya zama zafin kofin shayi. Zafin kofi ya zama na murfin tukunya.

Na lalubo gefen rigata da hannun hagu don in naɗe ta. Hasken ya goce kaɗan. Kaɗan fa.

Ihun da ya fito daga waya ban taɓa jin irinsa a bakin namiji ba.

Na mayar da sauri. Paji na durƙushe a cikin faifan, hannun rigarsa ɗaya babu.

"Sanyi," yake cewa. "Hannunsu sanyi."

"Tashi! Tashi, Paji, don girman Allah!"

Na saki rigar. Na damƙe ƙarfen da fata tsirara.

Yana matsowa, faifan yana tsukewa, don haka tsinken haske yake, faɗinsa yana can nesa. Da farko ya ishi mutum biyar. Ya koma ya ishi mutum ɗaya. Ya koma Paji na tafe a sunkuye, ya rungume kafaɗunsa, ina haska kansa da ƙirjinsa kawai. Ina jin numfashinsa a waya. A bayan numfashin ina jin wasu ƙafafu suna taka kara, da yawa, ba sa sauri.

Na ji ƙaurin nama. Na ɗauka daga gona ne.

Nawa ne.

Sai aka yi magana a kunnena na dama, kusa har gashina ya motsa.

"Ɗana, saki. Hannunka."

Muryar Ammi ce, mahaifiyarmu. Ni na zuba mata ƙasa a kabari.

"Saki, ɗan albarka. Da me za ka ci abinci?"

Ban waiwaya ba. Na kama Ayatul Kursiyyu, na ɓata a tsakiya, na cike da zagi, na sake kamowa daga farko. Hawaye da majina suna shiga mini baki.

Farin hasken ya soma komawa shuɗi. Na san ma'anarsa. Ƙwan yana dahuwa.

"Gudu, Paji!"

"Zan fita daga ciki."

"Gudu na ce!"

Ya rugo. Ina ganin idonsa yanzu. Ya kai bakin kwalbati, ya ɗaga ƙafa.

Dalmar da ke riƙe da ƙwan ta narke.

Duhu.

Na yi tsalle da hannun hagu a gaba, na cafki wuyan rigarsa. Aka ja shi baya. Ba fizga ba, ja ne na wanda ya tabbata abin nasa ne. Ƙafafuna suka soma jan ƙasa. Paji bai yi ihu ba, kuma wannan ya fi ihun muni.

A kan kujerar babur fuskar wayata na nan a kunne, da ɗan haskenta da bai kai na kyandir ba. Na kai mata hannun dama. Yatsuna sun ƙi buɗewa, tocilar ta manne. Na finciko ta da haƙori, ta tafi da fata. Na dunƙulo wayar na manna ta a fuskar Paji.

Aka saki.

Muka zube a cikin kwalbati. Na ɗora shi a gabana a kan tankin mai, na sa ya riƙe wayar a fuskarsa, na ja babur da hannun da ban san ko nawa ba ne. Har muka hau kwalta ina jin ƙas, ƙas, ƙas a bayanmu.

Hannuna ya warke a ƙanƙance, zanen jikin tocilar na kwance a tafinsa. Wannan ba komai ba ne.

Paji ne abin damuwa. Da rana lafiyarsa lau, yana cin abinci, yana zagina kamar da. Amma in rana ta faɗi, duhu ya taɓa shi ko na ƙiftawar ido ne, sai ya miƙe tsam, idonsa a buɗe, ya nufi ƙofa. Gabas yake yi, wajen matoya. Maza uku ba sa riƙe shi. Haske kaɗai ke zaunar da shi. An yi rubutu, an yi tofi, an kai shi hubbaren waliyyai, an kai shi asibiti. Kuma kun san yadda wutar garin nan take, ba ta sallama kafin ta tafi. Bhabi Rukhsana ta manta yadda ake barci mai nauyi. Ni kuwa yanzu tocila iri ɗaya nake ƙerawa, mai raunin haske, wadda ke kwana a kunne ba ta ɗumi. Ba na sayarwa. A ɗakin Paji nake ratayewa.

Mutumin Lahore kuwa ya shiga zaurensu na masu tara tocila a intanet ya rubuta cewa Sarfraz maƙaryaci ne, ya lalata aiki ya fake da aljanu. Aka yi ta tura fuskokin dariya.

Wataƙila kai ma kana murmushi. Madalla. Zo Wazirabad, ka tambayi shagon mai ƙonannen hannu. Zan ba ka shayi. In magariba ta yi zan zaunar da kai kusa da Paji, in buɗe ƙofa, in sa yatsanka a kan makunnin fitila. Ka dubi idon matarsa, ka kashe da kanka. In ka iya, sai ka ce ƙarya nake.