Ludayi Marar Gindi

A gaɓar tekun Noto ba mai fita kamun kifi a daren da matattu ke dawowa ganin gida. Amma tsoho Tokuji kunnen ƙashi gare shi.

"Baba, ka haƙura mana," in ji Sayo, matar ɗansa, 'yar kan tudu da aure ya kawo bakin teku.

"Ke da ko iyo ba ki iya ba? Ba ni hanya!"

Yana yin nisa cikin teku a jirginsa iska ta ɗauke cak. Fitilarsa ta koma shuɗiya.

"Yaya," wata murya ta ce daga ƙarƙashin jirgin, "ara mini ludayi."

Heisaku ne, ƙanensa da ruwa ya ci shekara arba'in baya. Har yanzu muryar saurayi gare shi.

Tokuji bai razana ba. Kowane masunci ya san waɗanda ruwa ya ci ludayi suke roƙo, su cika maka jirgi har ka bi su. Shi ya sa ake ajiye musu wanda aka fasa wa gindi, su yi ta ɗiba a banza har wayewar gari. Ya laluba cikin duhu ya miƙa. Hannu mai sanyi ya karɓa.

Sai ya tuna jiya ya ga Sayo da guduma da guntun katako, tana mita wai kayan Baba duk sun lalace.

Ruwa ya zubo masa a ƙafa.

"Yauwa, Yaya," in ji muryar. "Wannan kam yana ɗiba."