Ruwan Zafi a Gindin Suri

Ranar Alhamis, sha ɗaya ga Afrilu, 2019, ƙarfe shida da minti arba'in na yamma, Usmanu ya shiga gidansu a Danwarai ya ɗauke tukunyar ruwa daga kan murhu.

Manomin albasa ne, amma ransa yana ga wayoyi. Wata bakwai ya yi yana haɗa amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, da hannunsa a rumfar bayan gida. Tiransista huɗu daga kasuwar Jega, lasifika daga Aliero, akwatin kuwa shi ya sassaƙa. Na'urar ta tashi, sai dai ƙugi ya ƙi barinta. Wani mai gyaran rediyo ya ba shi magani: ya kafa sandar ƙarfe a ƙasa, ya ɗaura mata waya, ya jiƙa wurin da ruwan gishiri.

Gishirin ya ƙi narkewa a ruwan sanyi. Dalilin tukunyar ke nan.

"Malam, ruwan tuwona na fa," in ji matarsa Gudiya. "Kuma rana ta faɗi. Ba a zubda ruwan zafi wanga lokaci."

"Yanzu ni ka dawowa."

"To ka dai yi bisimilla."

Ya yi niyya, wannan kam tabbas ne. Amma da ya isa gindin tsohon suri inda ya kafa sandar, hannuwansa biyu suna riƙe da tukunya, bakin wayar kuma yana tsakanin haƙoransa. Ya tuntsura ruwan bai ce komai ba.

Ƙasa ta yi cuu. Wari ya taso, irin na gashi a wuta. Can ƙasa wani abu ya yi ƙara sau ɗaya, siririya, kamar ɗan akuyan da aka taka.

Ya ɗaura wayar, ya koma rumfa, ya haɗa batir. Ƙugin ya tafi. Ya yi murmushi. Sai ya lura ba ƙugin kaɗai ya tafi ba. Babu kukan kaji. Babu dakan maƙwabta. Ladan bai kira salla ba, ga shi lokaci ya yi.

Lasifikar tana numfashi.

Makirufon yana rataye a ƙusa, ba a ma jona shi ba.

"Wa az zuba?"

Muryar mace ce, ƙasa-ƙasa, a dishe.

"Ban sani ba akwai kowa," ya ce cikin raɗa. "Ki yi haƙuri, baiwar Allah."

"Ɗana ka ƙone. Kwana ukku gare shi. Ba mu ko raɗa mishi suna ba." Numfashin ya daɗe. "Kana da ɗiya."

Ya fizge wayar batir. Ƙaramar fitilar gaban akwatin ba ta mutu ba.

Sai lasifikar ta buɗe da dukan ƙarfin da ya yi wata bakwai yana tara mata, da muryarsa shi kansa.

"Iklima!"

'Yarsa ke nan, shekararta shida. Kowa a ƙasar nan ya san kiran magariba: in ba ka ga mai kiran ba, kuma ka amsa, ka ba da kanka.

Ya buɗe baki ya hana ta. Iska kawai ta fito. Muryarsa tana cikin akwati.

Ya ruga. Taku arba'in ne daga rumfa zuwa ƙofar gida. Ƙasar tana ƙuna ta cikin takalmi.

"Iklima!"

Ya faɗi. Ya tashi.

A tsakar gida ya tarar da Gudiya a durƙushe, ta danne bakin yarinyar da tafin hannu har idanunta sun firfito. Iklima 'yar fari ce. Tun da aka haife ta Usmanu bai taɓa kama sunanta ba, saboda kunya. Wani suna na daban yake kiranta da shi. Gudiya na jin sunan yanka a muryar mijinta ta san ba shi ba ne.

Aka yi kira na uku. Ba a amsa ba.



Sannan muryar ta sauko, da ladabi, daidai yadda yake yi in ya dawo daga gona.

"Inna."

Mahaifiyarsa Tasalla tana ɗaki kan buzu, tana jiran salla. Shekara arba'in da ɗaya ba ta taɓa barin ɗanta ya kira sau biyu ba.

"Na'am, ɗana."

Carbinta ya zube a daɓe. Suna ji yana gangarawa, ɗaya bayan ɗaya.

A take wani abu ya sake maƙogwaron Usmanu. Muryarsa ta dawo. Ya miƙa hannu ga yarinyar, sunan nan nasa ya zo har kan harshensa.

Sai ya ji numfashi a bayan kunnensa. Ba daga rumfa ba. Nan, kusa, da warin ƙuna.

Tsohuwa ba ta biya jariri ba. An mayar masa da muryar ne domin a ji sunan da yarinyar za ta amsa.

Ya cije harshensa har jini ya cika masa baki.

Washegari aka binne Tasalla. Malamai sun yi kwana bakwai suna karatu a gindin surin. Sandar ta ƙi ciruwa, maza huɗu suka gwada. Gudiya ta ɗauki yarinyar zuwa gidan iyayenta a Maiyama, ta kuma rantse ba za ta sake furta sunan nan da uban ke kiranta da shi ba. Usmanu bai bi su ba, don ya san ba shi kaɗai zai je ba. Likita a Jega ya duba shi ya ce maƙogwaronsa lafiya lau. Bai ƙara magana ba har yau. Da dare yakan ɗaure bakinsa da rawani, kada ya yi mafarki ya kira ta.

Waɗanda suka rage a gidan su ne: Usmanu, akuya ɗaya, da ba ta yarda ta zaga baya, akwatin, inda ya bar shi, da mai jego, tana saurare.