Jatau Sarkin Sokewa

A can wani gari an yi wani ɗalibi, Jatau, sarkin gaggawa. In ya ga lamba a sama, ya ga irinta a ƙasa, sai ya soke, ko tarawa ce ko ninkawa.

Ran nan Malama ta rubuta (x+4)/4 a allo. Jatau ya soke huɗun sama, ya soke huɗun ƙasa, ya bugi ƙirji: "Saura x, Malama!"

Malama ta ɗauko kwandon gwaiba, ta kira Jatau da wasu ɗalibai uku. "To, x gwaiba takwas ce, ga ƙarin huɗu, sha biyu ke nan. Ku huɗu za ku raba. Kowa ya ɗauki takwas yadda ka ce, Jatau, kai ne na ƙarshe."

Na farko ya kwashi takwas, na biyu ya tsira da huɗu. Jatau ya leƙa kwando, wayam!

Malama ta ce, "Ci a hankali, kada cikinka ya ɓaci."